Ƙwanƙwasa Bangon Rami Kafin Ka Sauka

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya Rabi da yara, yaya haƙar zinariya? Mu nan Unguwar Mu'azu lafiya lau, sai dai ɗakin ya yi mini faɗi. Maƙwabcina Malam Yohanna ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

Abokin aikina Ɗanladi ya rasu. Bangon ramin da suke fasa dutse ya rufta masa bayan ruwan Talata. Yanzu ba mai zama da ni a ƙofar gida.

Wai yanzu kamfanin fasa dutsen ya kawo wani mai hular kwano da takarda, yana duba rami kowace safiya kafin a sauka. To, ba abin da na shekara talatin ina faɗa ba ke nan? A ƙwanƙwasa bango da ƙotar diga, in ya amsa kamar ganga, a fita. Suka ce tsoho ya cika mita, suka sallame ni.

Kai ma ka yi mini dariya, ban manta ba. Yi dariyarka, amma don Allah ka ƙwanƙwasa kafin ka sauka. Kai kaɗai gare ni.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gidanka.

Mahaifinka,
Audu