Makullin Kaka a Hoton Ƙirji

Daren Laraba, watan Rajab, Fagge

Yau muka koma wurin likitan Sabon Gari saboda tarin Kaka. Makon jiya ya saurari bayanta da robar kunnensa, ya karɓi kakinta a kwalba, ya tura mu asibiti a ɗauki hoton ƙirjinta. Da ta ji an ce hoto, har kwalli ta sa da sabon zane.

Da likitan ya ɗaga hoton a taga yau, babu komai sai haƙarƙari. Ya ce tarin fuka ne, amma allura kullum da ƙwayoyi za su kashe shi.

Kaka ta ce, "Wannan ramammiyar ba ni ba ce. Ba mai tsira mini allura a kan hoton wata."

Ni da ko gaisuwa nauyi take yi mini, sai na nuna wani farin abu a tsakiyar hoton. "Kaka, ga makullin akwatinki da kika ƙi cirewa daga wuya."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "To, ya yi allurar. Amma karɓo hoton nan, kada ɓarawo ya ga inda nake ajiya."

Yanzu yana ƙarƙashin tabarmata.