Zura Zare Ba Awon Ido Ba Ne

Banifandu, Yamai

Yaya Natanayel,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, da uwargida Maryamu da yara? Yaya ɗinki, yaya zafin Dogondutsi?

Ni lafiya lau, ina koyarwa a lakwal kamar kullum. Sai dai ɗalibaina na gefen taga sun yi ta ɗaga hannu ban gan su ba. Da na je asibiti, lokotoro ya auna, ya ce tansiyon idona, wato matsin ruwan da ke cikinsa, ta hau har ta fara cin jijiyar gani. Sunan cutar glokom. Ba ta zafi, daga gefe take farawa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ina ɗiga magani safe da yamma, kada Inna ta damu.

Ya ce tana bin jini, a auna duk 'yan gidanmu. Na san amsarka: muddin kana zura zare a allura, idonka garau. Yaya, Baba ma yana zura zare har shekarar da muka fara ja masa sanda.

Ƙarama ba ta tilasta wa babba, roƙo kawai gare ni. Don Allah ka zo a auna ka. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Godiya