Rasuwar Malam Abdurrahim Maitama, Mai Kiwon Abin da Ido Ba Ya Gani

A gafarce mu da wannan takarda a kwanakin da ya kamata a bar mutane da addu'a kawai.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Ma'aikatan Tace Ruwan Kwatami ta Katsina ta samu labarin rasuwar shugaban aikinta, Injiniya Alhaji Malam Abdurrahim Maitama na Ƙofar Guga, ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha ɗaya Marigayi yana kiwon ƙwayoyin halittar da ke cikin tankunanmu, waɗanda ke cire sinadarin naitirojin daga ƙazamin ruwa kafin ya gangara lambunan Ƙofar Marusa. Ya sha gaya mana cewa bayin Allah ne su ma: a hura masu iska su yi rabin aiki, a ɗauke masu ita su ƙarasa. Da lokutan salla yake kunna injin iskar yana kashewa, yana sauya lokutan da zafi da damina, kuma shi kaɗai ya san lissafin.

Wajibi ne mu faɗi laifinmu. Uwargidansa, Hajiya Safara'u, ta aiko mana cewa tambayarsa ta ƙarshe a gadon asibiti ita ce ko an kashe iska da La'asar. Muka ɗauka zafin ciwo ne. Kwana uku muna zaman makoki inji yana ta huri, a zatonmu iska ba ta yi wa ƙwayoyin yawa. Yanzu gansakuka ta rufe magudana, ruwan ya sauya, masu lambu sun fara tambaya. Kullum aka kira La'asar sai ma'aikata su yi cirko-cirko a bakin tanki, kowa na duban ƙofar da Marigayi ya saba shigowa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashi.

Hajiya, mun san kina cikin takaba, muna kuma jin nauyin roƙon nan. Akwai ɗan littafi mai koren bango da ba ya rabuwa da aljihunsa. Lokutan kunna iska da kashewa duk suna ciki. Ƙwayoyin nan in sun mutu, sai an yi makonni kafin a tada wasu, ruwa kuwa ba ya tsayawa. Don Allah a duba mana, a aiko da amsa da wuri, ko da an duba ne ba a gani ba.

Hajiya Iklima Mahmud
Sakatariyar Yaɗa Labarai