Izinin da Ka Ba Yaya Sani

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Maɗori,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Rabi, daga Landan. Tun rasuwarka ban taɓa kawo maka ƙara ba. Yau na kawo, kuma kai nake ƙara.

Wata jami'a a nan ta buɗe sabuwar makaranta mai zaman kanta, inda ake koyon gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu. Osteopathy suke kiran abin. Na ga tallar ne a tiram, jirgin ƙasan cikin gari na unguwar Croydon, ina dawowa daga gidan tsofaffin da nake aiki, na yi ta karantawa har na wuce tashata. Baba, sana'arka ce fa aka sa wa farar riga. Ɗorin karaya sun bar wa asibiti, amma targaɗe da ciwon baya da wuyan da ya ƙage, duk hannu ne, kamar a zaurenka.

Na nema, suka kira ni gwaji. Aka kawo wani dattijo mai ciwon kafaɗa, aka ce in taɓa in faɗi abin da na ji. Na sa babban yatsa inda kake sawa, na rufe ido yadda kake yi. Malamar da ke gwajin ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi wanda ya koya mini. Alhali ba wanda ya koya mini. Da ido na sata, in na kawo maka man shanu na ƙi fita.

Ka tuna ranar da ka zaunar da Yaya Sani, ka tofa masa a tafin hannu, ka karanta masa a kunne abin da kakanmu ya karanta maka? Ina tsaye bakin ƙofa. Ka ɗago ka ce, “Rabi, hannunki ya fi nasa, amma mace gidan wani take kai gado.” Kuma ba sau ɗaya ba na ji kana gaya wa mutane cewa wanda ya taɓa ƙashin ɗan Adam ba izini, gyaransa ba ya zama, ɓarna yake ƙarawa.

To, sun ɗauke ni, cikin rukunin farko. Sun ce in ba da amsa kafin Juma'a. Ga ni uwar 'ya'ya biyu, har da furfura, na kwana huɗu ina buɗe saƙon ina rufewa saboda maganarka. Abin ma da kunyar faɗa.

Sai na buga wa Yaya Sani waya, ko zai karanta mini abin da ka ba shi. Yana shagonsa na kayan gyaran babur, ina jin hayaniyar kasuwa. Ya yi dariya har da tari, ya tambaya ko Turawan ne suka ce sai na kawo shaidar tofi. Da ya ji da gaske nake, sai ya sassauta murya ya ce wallahi ya manta, rabonsa da riƙe ƙafar wani tun kana raye. Wai in yi bismilla kawai.

Ya manta, Baba. Abin da ka hana ni don kada ya fita daga gida, a cikin gidan ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da Yaya Sani nake fushi ba, shi bai taɓa cewa yana so ba. Ni na so.

Jiya na amsa musu cewa zan zo. Zan shiga aji ba izininka, tunda babu sauran mai ba ni shi a duniya. Na san duk ranar da wani ya kwanta ya ba ni bayansa, sai gabana ya faɗi kafin in sa hannu. Wannan tsoron ne kaɗai gadon da ka miƙa mini da bakinka, kuma da shi zan yi aiki.

Duk da haka ina kewarka, Babana. Da kana nan, da na durƙusa gabanka na buɗe maka tafin hannuna, ko da za ka sake cewa a'a.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da alheri kan kowace ƙafa da ta taka ƙasa ta dalilinka. Ni na yafe maka. In na yi laifi, kai ma ka yafe mini.

'Yarka,
Rabi