Idon da Na Kafa a Tsakar Gidan Inna

Litinin. Aikin farko: rubuta wa Malama Bahijja, mai shafin ba da shawara. Kwana tara ke nan ina ɗaga shi zuwa gobe.

Assalamu alaikum, Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Shekarata arba'in da ɗaya, ina tsaron shagon taki da irin shuka a Bodinga. Tun ina sakandare nake rubuta duk abin da na yi a rana cikin littafi, don ban cika yarda da tunanina ba.

Mahaifiyarmu, Inna, tana Lambara tare da ƙanwata Ummukulsum, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Bara da damina Inna ta faɗi a ƙofar ɗakinta, ta kusa awa biyu a ƙasa kafin Ummukulsum ta dawo daga niƙa. Shi ya sa na sayi kyamara mai sola da layin waya, don in riƙa leƙa gidan daga shago. Ummukulsum ba ta so ba. Ta ce tsakar gida wurin mata ne, nan take zama ba lulluɓi, nan take yi wa Inna tsifa. Na dafa ƙirji na ce ni kaɗai zan gani. Har a littafi na rubuta alkawarin.

Wanda ya haɗa mini ita Naziru ne, ɗan kawuna, taubashina, mai gyaran waya a Shagari. Da aka zo sa lambar sirri ya miƙo mini wayar, sai na ji nauyin in juya masa baya ina dannawa kamar ina zarginsa. Na ce ya sa da kansa. Ya sa lambar wayar Inna, wai don kada in manta. Ban taɓa canza ta ba.

Kwana tara da suka wuce muka je suna a Shagari. Muna bakin ƙofa za mu tafi, Naziru ya fara tsokanar Ummukulsum yadda taubasai suka saba. Ya ɗauki faifai ya kwaikwayi 'yar rawar da take yi wa Inna kafin ta yarda ta sha magani. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sai ya ƙara da kwaikwayon yadda Inna take juyawa wajen ɗakin marigayi Baba tana ba shi labarin gona kamar yana nan. Wannan abu ko kawu bai sani ba. Ummukulsum ba ta dubi Naziru ba, ni ta duba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba kai kac ce kai ɗai ka gani ba?"

Na koma na bi littafina shafi shafi. Sau uku na rubuta cewa kyamara ta juya da kanta, kuma duk sau ukun na sa "wataƙila iska ce". Sau biyu data ta ƙare da wuri, na sa "wataƙila na yawaita leƙe". Da na buɗe manhajar na duba wayoyin da ke da izinin shiga, sai na ga uku: tawa, ta Naziru, da wata da ban sani ba.

Na kira shi. Ya ce, haba taubashi, Inna ai goggonsa ce, duba lafiyarta yake yi, sauran kuma wasa ne. Waya ta uku kuwa, wai ta wani ce da ya kawo gyara, ya yi gwaji da ita, bai tuna mai ita ba. Malama, tare aka yi mana kaciya da Naziru. Wata takwas yana kallon tsakar gidan uwata, muna haɗuwa muna cin abinci a kwano ɗaya, bai taɓa faɗa mini ba.

Yanzu Ummukulsum ta kife ƙwarya a kan kyamarar ta ɗaure da tsumma, ba ta kuma ɗaga kirana. Gaskiyarta. Amma duk ranar da ta fita niƙa, Inna ita kaɗai ce, ni kuma baƙi kawai nake gani a waya. Ko ni na cika ɗaukar abu da zafi? Ga abin da na rubuta na gobe:

1. Canza lambar sirri. Ban san ko ya isa ba.
2. Maganin hawan jinin Inna.
3. Gaya wa kawu. Ko kada in gaya masa?
4. Ummukulsum.

Na huɗun ban san abin da zan rubuta a gabansa ba.

Mai Littafi, Bodinga

Wa alaikumus salam, Mai Littafi. Ba ka ɗauki abu da zafi ba. Wasan taubasai yana taɓa rowa da sanƙo da yawan ci, bai kai ga tsohuwa mai magana da mijinta da ya rasu ba. Na yarda mai yiwuwa Naziru ya fara leƙen da kyakkyawar niyya, amma mai duba lafiya yakan sanar da masu gida yana dubawa.

Canza lamba kaɗai bai isa ba, tunda da hannunsa aka buɗe rajistar kyamarar. A jikinta akwai ɗan rami. Ka danna shi da tsinke har ta koma yadda ta fito daga kwali, ka sake yi mata rajista da layinka. Ka goge memorin da ke cikinta. Sabuwar lambar sirri ta zama doguwa, haruffa haɗe da lambobi, ba lambar wayar kowa ba, kuma kada ta shiga littafin da kake ajiyewa a shago. Ka kunna tsarin da ke turo saƙon tabbatarwa duk lokacin da sabuwar waya ta nemi shiga, ka kashe ɗaukar murya, ka sabunta manhajar idan ta nema. Bayan haka ka duba jerin wayoyin. Idan ta ukun ba ta ɓace ba, kada ka bar kyamarar a kunne.

Naziru kuma ka same shi shi kaɗai, ba a waya ba. Ya buɗe wayarsa a gabanka ya goge duk abin da ya adana, ya kuma je Lambara ya ba da haƙuri. Idan ya yi, ka rufe maganar, kawu bai buƙaci ji ba. Idan ya sake cewa wasa ne, to lokacin kawu ya yi.

Sai dai jerinka a kife yake. Na huɗu shi ne na ɗaya. Ummukulsum ta ba ka amanar tsakar gida a kan alkawarin da ba ka bincika ba, kuma har yanzu wataƙila tana zaton kai kake nuna wa mutane. Ka hau mashin gobe da maganin Inna a aljihu. Ka nuna mata jerin wayoyin nan uku ta gani da idonta, ka ce ka yi kuskure, ba tare da jingina shi ga Naziru ba. Kada ka taɓa ƙwaryar nan. Idan ta yarda a ci gaba, ita za ta nuna inda kyamarar za ta kalla, ƙofar ɗakin Inna kawai, kuma ta san lambar kamar yadda ka sani. Idan ta ƙi, ku roƙi wata maƙwabciya ta riƙa zama da Inna ranar niƙa, kyamarar ta dawo shagonka ta yi gadin taki.

A gaban na huɗu ka rubuta: "in je da ƙafata". Allah ya ba Inna lafiya, ya sanyaya zuciyar ƙanwarka, ya gyara tsakaninku da taubashinka.

Bahijja