Mararrabar da Falalu Ya Bar Ni

Paris, 12 ga Mayu 1997

Zuwa ga Zouera, maman Hamdiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da Hamdiya da Inna. Yaya zafin Damagaram? Ni lafiya lau, sai gajiyar kai saƙonni a kan babur, aikin da kike kira kabu-kabun Turai.

To albishirinki! Kulob ɗinmu na masu babura zai je Nijar a watan Disamba. Za a kai baburan zuwa Kotonu a jirgin ruwa, daga can mu hau har gida. Mutum ɗaya mai jin Hausa suke so ya yi musu jagora, su ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma shugabanmu Gérard ya ce ni ne. Shekara uku, Zouera! Na bar Hamdiya tana rarrafe, zan tarar tana yi min surutu.

Kafin nan akwai babban taro ranar Asabar a duwatsun bayan Lyon, babura kamar sittin, na titi da masu shiga daji. Dokar tafiyar ɗaya ce: in an zo mararraba, jagora ya ajiye mutum guda ya dinga nuna hanya, kuma ba ya motsawa sai ɗan baya, mai rawayar riga, ya iso ya ɗaga masa hannu. Na sa baki an ba Falalu rigar. Falalunmu dai na unguwar Birni, wanda na koya wa babur da hannuna na kuma kai shi kulob. Murna kamar an ba shi gwamna.

Ki gaida Inna, ki sumbaci 'yar.

Naki,
Nouhou


Vénissieux, 19 ga Mayu 1997

Zuwa ga Zouera,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ina gidan Hassoumi, ɗan garinmu da ke aiki a nan kusa da Lyon, ina fama da mura. Kada hankalinki ya tashi, ban faɗi ba.

Ranar Asabar wajen sha ɗaya aka ajiye ni a wata mararraba cikin daji, inda titi ya rabu da hanyar ƙasa. Babura suka yi ta wucewa ina nuna musu dama. Sai ruwa ya sauko, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Saura mutum biyar da Falalu, shiru. Na yi azahar a gefen babur, ido ɗaya a kan hanya. Na ce ko wani ya faɗi ne, in na tafi su iso ba kowa, ai na cuce su. Haka na tsaya kamar turke har la'asar ta wuce, sannan na haƙura na bi hanya.

Da na isa masauki ba wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Ashe su Falalu sun ɓace, sun faɗa wani gangare mai laka, wani dattijo Marcel ya karye a hannu. Falalu kuwa ya ce sun zo mararrabar ba su same ni ba. Shi ya sa ko nemana ba a yi ba, wai na gudu wa ruwa. Ni! Wallahi raina ya ɓaci.

Amma na san kuskure ne. Daji ne, ga ruwa, wataƙila wata mararrabar ya ɗauka tawa ce. Ya koma Paris ban samu ganinsa ba. In muka zauna da taswira zai gane, ya gyara maganar da bakinsa. Kada ki faɗa wa Inna komai.

Naki kullum,
Nouhou


Paris, 8 ga Yuni 1997

Zuwa ga Zouera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Hamdiya. Jikina ya warware. Sauran kuma ki karanta a zaune.

Kusan sati uku Falalu yana ɓuya. Shekaranjiya bayan sallar Juma'a na tare shi a unguwar Goutte d'Or na buɗe masa taswira. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce ya sani. Da ruwa ya sauko, shi ya ja mutanen ta wata hanya wai ta fi kusa, suka ɓace. Da Marcel ya karye tsoro ya kama shi, sai ya tsaya a wata mararraba can ya ce musu nan ya kamata in kasance. Ya riƙe hannuna har da hawaye, wai in rufa masa asiri, ni tsohon hannu ne za a yafe min. Na ce ya faɗi gaskiya gobe a taron kulob, ni zan fara roƙa masa gafara. Ya ce to.

Jiya aka yi taron. Ya miƙe, ya maimaita ƙaryarsa tsaf, idonsa a kan tebur. Na yi bayani, na yi rantsuwa, amma su shida ne suka ga mararraba ba kowa, ni kuwa shaidata itatuwa. Gérard ya ce wanda ya bar wurinsa a daji kusa da Lyon ba za a bi shi cikin hamada ba. Jagora ɗaya suke nema, mai jin Hausa. Kin san wanda ya rage.

Zouera, ba tafiyar kaɗai ke cina ba. Mutumin nan wata shida ya yi yana kwana a ɗakina. Sa'ad da nake tsaye cikin ruwan nan, shi nake yi wa addu'a kada ya zama ya ji ciwo. Na ji kunyar kaina, na ji haushi, har yau ban iya cin abinci sosai.

Ki daina koya wa Hamdiya cewa Baba na zuwa. Bana ba zan samu hali ba. Falalu dai zai zo, kuma na san shi, zai shigo gaida Inna da fara'arsa. Ki ba shi ruwa, baƙo ne. In ya tambaye ki labarina, ki ce masa ina nan inda aka ajiye ni, har yanzu bai zo ya ɗaga min hannu ba.

Mijinki,
Nouhou