Takalman Kofur Haruna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tattara Tarihin Shugabannin Majalisa, da sauran 'yan kwamiti,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Sunana Hajiya Rabi, 'yar marigayi Kofur Haruna. A Enugu aka haife ni, aure ya kawo ni Fatakwal, yanzu ina sayar da atamfa a Mile 2, Diobu. Godiya ce ta kawo ni, sai ƙorafi guda ɗaya da ya hana ni sakat.

Na farko, godiyar. Maƙwabciyata a kasuwa, Mama Nkechi, ita ta matsa mini sai mun je baje kolin da kuka yi na hotunan waɗanda suka riƙe kujerar kakakin majalisa tun zamanin Turawa. Ni kuwa ina ruwan mai atamfa da kakaki? Na bi ta ne kawai don kada ta yi fushi. Muna cikin zagayawa, ga Turawa da hular gashinsu, ga 'yan ƙasa da suka gaje su, sai kawai na yi ido huɗu da babana. Yana tsaye bayan kujera, gefen sandar majalisa, da hularsa dara a kai, ƙafarsa ba takalmi. Na tsaya ina ta kallonsa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, duk sun salwanta lokacin rikicin da ya kora mu Arewa. Har na manta yadda kunnuwansa suke a baje, sai ga su, irin na ɗana Sani sak. Na yi kuka, kuma na farin ciki ne. Duk wanda ya tono wannan hoto, Allah ya saka masa da alheri.

Na biyu, ƙorafin. A ƙarƙashin hoton kun rubuta da Turanci cewa wannan wani masinja ne da ba a san sunansa ba, wanda Turawa suka hana sa takalmi don wulaƙanci. Sau biyu na karanta. Mama Nkechi ta dafa ni tana ba ni haƙuri, ni kuwa raina ne ya ɓaci.

Ranka ya daɗe, ku sake duba wanda ke zaune a kujerar, ai ba Bature ba ne. Baba tsohon soja ne, aikinsa a Enugu goge sandar majalisa da buɗe wa kakaki ƙofa. Yana da takalma baƙaƙe, ni nake goge masa su kowace safiya, kuma in bai ga fuskarsa a ciki ba sai na sake. Muddin Bature ke kan kujera, dole ne ya shiga zauren da takalmi, ya cire hula. Wannan ne ladabi a wurinsu. A wurinmu kuwa, shiga gaban manya da takalmi rashin kunya ne, tsayuwa kai ba hula kuma kamar tsiraici. Kullum Baba ya dawo gida yana ƙunƙuni, wai ya yini yana yi wa manya rashin ladabi, kuma ana biyansa albashi a kai.

Da ɗan ƙasa ya hau kujerar, Baba ya same shi ya roƙi alfarma ɗaya tak. Mutumin ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, amma ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya, ya ce wa Kofur ya girmama majalisa yadda iyayensa suka koya masa. Tun daga ranar Baba ke tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya gyara zaman hularsa, sannan ya shiga. Har ya rasu, in ana hirar samun 'yanci, shi wannan rana yake kawowa.

Ba wanke Turawa nake yi ba, sun yi abin da ya fi hana takalmi. Ban kuma ga laifin wanda ya yi rubutun ba, ƙafa ya gani ba takalmi, tausayi ya kama shi. Sai dai ya ɗora wa Baba wulaƙanci a daidai wurin da aka mutunta shi, ya kuma tauye wa wancan kakaki alherinsa.

Na uku, roƙona. An gaya mini hotunan nan littafi za su zama, kuma ya kusa tafiya wurin bugawa, a raba wa makarantu. Jikokina suna cikin makarantun nan, Turancinsu ma ya fi Hausarsu. Abin da suka karanta shi za su riƙe, ba abin da tsohuwa ta faɗa ba. Don Allah, kafin a buga, a rubuta sunansa, Kofur Haruna, a kuma ce da kansa ya tuɓe.

In kuna neman shaida, takalman suna nan. Ranar da muka gudu, Inna ta bar tukwanenta ta ƙulle su a cikin zani. Fatar ta tsattsage, amma na goge su jiya. Ku faɗi rana in hau okada in kawo muku, kyauta. Sharaɗina ɗaya: kada a sa su a gilashi kusa da sandar majalisa. A ajiye su a bakin ƙofa, inda mai su yake ajiyewa.

Allah ya ƙara muku basira da lafiya, ya sa ku gama aikin nan cikin nasara, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Wassalam, taku mai godiya,
Hajiya Rabi Haruna, Diobu